Romon bola da rijiyar Hajiya

Wata takwas kenan ina yawon jefa guga a rijiyoyin mutane da sunan bincike, kuma har yau tambayar da tafi ɗaure min kai ba daga bakin wani farfesa ta fito ba, wata dattijuwa ce tayi min ita tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ko ɗago kai bata yi ba tace, "To ɗan nan, zuwanku na uku kenan kuna ɗibar mana ruwa a gora kuna tafiya dashi, me kuka gano ne? Mu sha ko kar mu sha?" Wallahi sai naji gumi ya karyo min, na hau inda-inda ina cewa ai Hajiya sakamakon bai gama fitowa ba, tace "Allah ya fito dashi lafiya" taci gaba da tsintarta. Ranar har na koma gida maganar na cina.

Mastas nake yi a fannin injiniyancin muhalli a nan Kano, aikina kuwa shi ne bin diddigin yadda juji ke gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. A gida injiniyan bola suke ce min. Kawuna kullum muka haɗu sai yace abokanka suna can suna zana gadoji kai kana nan kana gogayya da 'yan bola jari, ni kuma nace masa Kawu ai su ma 'yan bola jarin sun fini samu, ko ba komai da yamma suna kai ƙarafa a auna a basu kuɗi, ni kuwa kuɗin nawa ne ke tafiya.

Jujin da nake aiki a kai asalinsa kududdufi ne. Duk wanda ya san Kano ya san yadda kududdufai suka samu, ƙasar gini aka riƙa haƙa shekara da shekaru ana yin tubali ana ɗora katanga har wajen ya zama ƙaton rami, damina ta zo ta cika shi. Da gari ya cika ya batse sai ramukan nan suka zama wajen zubar da shara, unguwa ta zuba, 'yan kura su zuba, motar shara ma ta zo ta juye, in ya cika ya danne sai kaga an yanka filaye an fara gini a kai. Mutane suna ganin an yi dabara, an kashe gidan sauro an samu fili. Ni ma da haka nake gani. Sai da na fara karatun nan na gane cewa in da gangan kake son ka lalata ruwan unguwa, to da wuya ka samu dabarar da tafi wannan, domin ramin nan an riga an yaye masa ƙasar sama wadda ita ce matata, an matso da gindinsa kusa da inda ruwa yake kwance, wani ma da damina sharar a cikin ruwan take jiƙe tsamo-tsamo.

Abin da ake kira wajen binne shara na injiniya daban yake. A Amurka tun dokar 1991, kafin ka zuba ko kwandon shara ɗaya sai ka daɓe gindin ramin da yumɓu mai kaurin ƙafa 2, yumɓun da in an daɓe shi yadda ya kamata ruwa baya ratsa fiye da kamar santimita 3 a cikinsa a shekara guda, sannan a shimfiɗa wata baƙar leda mai kauri wajen milimita 1.5 a kai, a jera bututai masu huji da zasu riƙa tattara ruwan da ya tsatso a zuƙe shi a kai inda za a tace. Ko an rufe wajen ma ba a gama ba, sai an ci gaba da sa ido shekara 30. Mu namu rami ne kawai da Allah ya kyauta.

Shi wannan ruwan da ke tsatsowa a aji lichet muke ce masa, ni dai romon bola nake kiransa don wallahi haka yake, baƙi-baƙi ja-ja kamar an dafa ganda an manta da ita a wuta, ga wani wari da yake kama riga ya bika har gida. Ruwan sama ne ke sauka kan tulin shara ya bi ta cikin ruɓaɓɓen abinci da kashin dabbobi da toka da tsumma da famfas ɗin yara da matattun batura da gwangwanin fenti da ragowar magani, duk abin da zai iya narkewa ya narkar ya tafi dashi ƙasa. Wanda ake gani yana malala a gefen juji a watan Agusta kaɗan ne, mafi yawansa ta ƙasa yake sulalewa ba mai ganinsa. Shi yasa ba ya shiga labarai. Da jujin Koshe na Adis Ababa ya zabtare a Maris 2017 ya kashe mutum sama da 100 duniya taji, da Olusosun na Legas ya kama da wuta a Maris 2018 kowa yaga hayaƙi, amma romon bola bashi da hayaƙi bashi da ƙara.

Abu na farko da malamina ya sani nayi, tun kafin in taɓa gorar samfur, shi ne in gano ina ruwan ya dosa. Mutane da yawa suna ɗauka a ƙarƙashin ƙasa wani kogi ne ke gudu ko wani tafki, alhali ruwa ne kawai da ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa da tsagogin dutse, kamar soso da aka jiƙa. Mu nan cikin Kano dutse ne a ƙarƙashinmu, tsohon dutse mai tauri, samansa ya ruɓe ya zama marmara da burji da yumɓu, to a wannan ruɓaɓɓen ɓangaren rijiyoyin gida suke samun ruwa, burtsatse kuma ta huda ta gangara neman tsagar dutse. Ruwan yana tafiya amma tafiyar hawainiya, sau da yawa ko mita 1 baya ci a yini. Wani injiniya Bafaranshe Henry Darcy ne ya fitar da lissafin abin tun 1856 a garin Dijon da bututu cike da yashi, har yau kuma da lissafinsa muke aiki. Yadda ake gano alƙiblar ba wuya a takarda: ka samu rijiya aƙalla uku da ba a layi ɗaya suke ba, ka auna tudun bakin kowacce, ka zura tef ka auna zurfin da ruwa yake, ka ɗebe wannan daga wancan, inda ruwan yafi tudu daga nan yake gangarowa.

A takarda kenan. A unguwa kuwa dole ka iso da asuba kafin mata su fara jan ruwa, don in an ja guga ashirin ruwan ya sauka awonka ya zama shirme. Ga kuma gidan da aka sa injin jan ruwa a burtsatse, shi kaɗai ya isa ya karkato da ruwan maƙwabta gaba ɗaya ya nufo shi.

Sannan ga maganar shiga gida. Ni namiji, gidajen kuma ba a shiga, don haka sai da na ɗauki ƙanwata aiki, ladanta katin waya da tsire duk ranar fita. Kafin nan mun je mun gaida mai unguwa da takardar makaranta, dattijo mai kirki, ya haɗa mu da wani yaro ya riƙa yi mana iso. Duk da haka rana ta biyu sai ga magana ta zagaye unguwa wai gwamnati ce ta turo mu a rufe rijiyoyi a tilasta wa mutane sayen ruwa, wasu kuma suka ce haraji za a sa, wani magidanci ya tare ni a ƙofar gidansa yace "Malam, rijiyar nan ubana ya haƙa, da ita aka yi min wanka ina jariri aka yi wa 'ya'yana, ba abin da ya taɓa samunmu." Ban yi musu dashi ba, na bashi haƙuri muka wuce. Kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, mutum nawa ne suka zo da takarda da biro suka yi tambayoyi suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Hajiya ce ta fara cewa in shigo da kaina. Tace ai kai ɗa ne, shigo ka ɗiba da hannunka kar yarinyar nan ta faɗa. Rijiyarta tana tsakar gida, an ɗaure bakinta da siminti, ruwan garai-garai har kana hango ƙasa, daga kan katangarta kuwa kana hango tsinin jujin da ledoji suna kaɗawa. Da nace mata ana iya samun matsala ko da ruwa yayi haske, sai ta kawo min hujjar da ta fi ƙarfina a lokacin, tace malamai sun ce in launi da ɗanɗano da ƙamshin ruwa basu canja ba ai ruwa mai tsarki ne. Nace haka ne Hajiya, alwala tayi, wanka yayi, amma tsarki daban lafiyar ciki daban, akwai abin da ido baya gani harshe baya ji. Tayi dariya tace ku 'yan boko kullum sai kun nemo abin da ba a gani.

Ɗibar samfur ɗin kanta wani aiki ne da ba wanda ya gaya min wahalarsa. Kowace rijiya gora uku. Ta ƙarafa sai ka jiƙa ta a asid tun a lab ka ɗauraye, in ka cika ta kuma ka ɗiga mata asid na naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarafan sai su manne a jikin gorar ka auna ka ga babu. Ta ƙwayoyin cuta kwalba ce da aka dafa, ba a taɓa bakinta, kuma so ake ta isa lab cikin awa 6. Duka a cikin kula da ƙanƙara, sanyin digiri 4 ake nema, a garin da a watan Afrilu zafi ke haura 40. In burtsatse ce sai ka bari tayi ta zuba tukuna har ruwan da ya kwana a bututu ya fita, masu gida suna kallonka kana ɓarnar ruwa, dole muka riƙa tara musu a bokitai. Akwai ranar da muka gama zagaye tun daga asuba har azahar, Adaidaita ta lalace mana a hanya, ƙanƙara ta narke, muka isa lab an ɗauke wuta ba man janareta, duk kwalaben ƙwayoyin cuta na ranar haka na tsiyaye su a kwata ina ji kamar inyi kuka. Ƙanwata tace to injiniya, yau ma dai da tsiren ko?

Abin da nafi so a kayan aikin ita ce 'yar mitar nan ta hannu mai auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Ruwa mai tsabta baya ɗauka sosai, amma da gishiri-gishiri ya narke a ciki sai lamba ta hau, romon bola kuwa cike yake dasu. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya ce kar lambar mitar nan ta wuce 1000. Kana tsoma ta a guga nan take zata gaya maka, ba jiran lab. Muna tafiya daga gidajen da ke tudu muna gangarowa ta bayan juji kana ganin lambar tana hawa gida bayan gida kamar farashin shinkafa, ranar ne na fara yarda cewa abin da nake karantawa a littafi da gaske yana ƙarƙashin ƙafata.

Mun kuma yi yini biyu da wani abokina ɗan jiyoloji muna kafa turakun ƙarfe a ƙasa muna ja da waya, ana tura lantarki ta biyu a auna ta biyu, ana ƙara nisa a hankali don a leƙa can ƙasa, tsarin da ake kira Schlumberger. Inda romon ya ratsa lantarki na wucewa salin alin sai na'ura ta nuna ƙaramar lamba. Hoton da kwamfuta ta fitar yayi kyau ƙwarai, shuɗi a nan ja a can, har na sa shi a sitatus. Sai malamina ya kalla yace to ai yumɓu ma haka yake nunawa, da me ka san wannan shuɗin romo ne ba yumɓu ba? Shiru nayi. Ga yara sun tsinke mana waya sau biyu, ga layukan unguwa ba tsawon da zaka shimfiɗa waya yadda kake so, ga bututan ƙarfe da aka binne suna rikita karatu. Abin yana taimakawa amma shi kaɗai baya zama shaida.

Yanzu bari in faɗi inda naji kunya. Ni dalma na shiga nema. Duk ɗan arewa da yaji gubar dalma sai gabansa ya faɗi saboda abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, duk da cewa waccan daga niƙan dutsen zinare ne a cikin gidaje ba daga juji ba. A raina nace in na samo dalma a rijiyoyin nan aikina zai yi suna. Sakamakon farko ya dawo daga wani lab da na biya kuɗi masu ciwo, kowane samfur da dalma sama da miligiram 0.01 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Allah ya yafe min, murna nayi, ka ji fa, murna don ruwan mutane da guba. Na kai wa malamina da rawar jiki, ya duba ya duba yace ina bulank ɗinka? Wato gorar da na cika da tataccen ruwan lab na sa mata lamba kamar sauran na cusa a ciki ba tare da masu awon sun sani ba. Muka duba, ita ma wai da dalma, kusan daidai da sauran. Ma'ana ko asid ɗin da na ɗiga ne ba mai kyau ba, ko na'urarsu ce ba a saita ba. Yace da baka sa gorar nan ba da yanzu ka rubuta ƙarya da hujjoji, ka tayar da hankalin unguwa guda, wani ɗalibin kuma ya kwafa daga wajenka. Da aka sake da sabon asid a wani wajen, dalmar a yawancin rijiyoyin na'ura ma bata iya ganinta ba.

Daga baya da na zauna nayi karatu sosai naga ashe ba abin mamaki bane. A Kanada akwai wani tsohon juji a sansanin soja na Borden a lardin Ontariyo, an zuba shara daga 1940 zuwa 1976, masu bincike na jami'ar Waterloo irinsu John Cherry suka cika wajen da ƙananan rijiyoyin gwaji hawa-hawa har suka zana jelar gurɓatar, ta miƙe wajen mita 700 a cikin yashi. A Denmak ma an yi irin wannan a Vejen da Grindsted. Abin da ake ta gani shi ne ƙarafa masu nauyi basu cika yin nisa ba, ƙasa na kama su tun kusa, masu gudun tsiya su ne kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ba abin da ke riƙe shi, sai amoniya mai naci da ke daɗewa shekaru bayan an rufe juji. Wani abin kuma, romon yana cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan ƙasa, da ta ƙare sai ƙarfe da manganis na cikin ƙasar kanta su narke su shiga ruwa, shi yasa wata rijiyar zaka ja ruwa fari tas ka ajiye a bokiti anjima ya koma ja. Wannan ba yana nufin ba ruwanmu da ƙarafa ba, juji da ke karɓar sharar majemu irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai maganar kuromiyom, sinadarin da ake jima dashi, dole a bincike ta, haka inda ake fasa batiran mota. Nawa jujin dai na sharar gida ne.

Abin da na samu ba tare da na nema ba shi ne ya fi tayar min da hankali. Sinadarin naitiret da E. coli, ƙwayar cutar da ake samu a kashi. Ƙa'ida ita ce naitiret kar ya wuce miligiram 50 a lita, E. coli kuwa ko ɗaya kar a gani a mililita 100. To rijiyoyin da na zaɓa can tudu, waɗanda ruwan juji ba yadda za a yi ya hau ya same su, waɗanda na ɗauka su ne zasu zama ma'aunina na ruwa mai kyau, su ma sun faɗi, wasu ma sun fi na gindin juji naitiret. Ruwa dai baya tsami banza. Na koma da tef na riƙa auna tsakanin rijiya da masai, gida bayan gida, abin da ake so mita 30 ne, mafi ƙaranci a ce 15, amma ina zaka samu mita 30 a filin da aka raba gado aka sake rabawa? In ka nisanta da naka masan ka matso na maƙwabcinka, katanga ce kawai a tsakani, ita kuwa katanga a sama take. Kusa da juji naitirojin, sinadarin da amoniya da naitiret duk daga shi suke, yana zama a siffar amoniya saboda babu oksijin, can nesa kuwa naitiret da E. coli tare yatsa suke nunawa ga shadda da sokawe. Don haka taken aikina yana zargin juji, sakamakon yana cewa juji da masai duk suna da hannu, kuma raba wanne yayi wanne shi ne babin da har yanzu nake kokawa dashi.

Akwai abin da ke damuna game da kalmar sa ido da muke rubutawa a bangon kundayenmu. A inda ake yi da gaske, rijiyoyin gwaji daban ake haƙawa, ɗaya a sama da juji wasu a ƙasa dashi, ba mai sha daga cikinsu, aikinsu kawai su zama 'yan gadi, in gurɓata ta taso su fara gani kafin ta isa gidajen mutane. Su ma can ba haka kawai suka waye ba, sai da suka ƙone. A unguwar Love Canal ta jihar New York, kamfanin sinadarai na Hooker ya binne wajen tan 21,000 na sharar sinadarai, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1, aka gina firamare da gidaje, sai a 1978 da abin ya riƙa ɓullowa a ɗakunan ƙasa na mutane aka fara kwashe iyalai, 1980 aka yi dokar Superfund ta tsaftace wuraren da aka gurɓata. Mu a nan ba ni da kuɗin haƙa ko rijiyar gwaji ɗaya, kuɗin burtsatse guda ya fi duk abin da na tanada na aikin. To da me nake gwaji? Da rijiyar Hajiya. Rijiyar da ake sha ita ce 'yar gadin, duk abin da na gano a gorata an riga an dama koko dashi da safe.

Kuma sau nawa muke aunawa? Rani sau ɗaya damina sau ɗaya, a rubuta, a kare a gaban malamai, a ɗaure da baƙin bango a ajiye a kanta. Bayan shekara biyu wani ɗalibi ya zo wannan jujin dai ya faro daga farko, da wasu rijiyoyin daban da wani lab daban, ba yadda zaka jera nasa da nawa kace abin ƙaruwa yake ko raguwa. Ruwan da ke tafiyar hawainiya ba a gane halinsa a wata takwas. Da sashe ɗaya zai riƙe rijiyoyi goma kacal, ɗalibi ya miƙa wa ɗalibi, wannan mitar ta hannu da tef kawai duk wata, shekara goma, da mun san abin da duk tulin kundayen nan basu gaya mana ba. Na faɗi haka a semina wani yace to wa zai biya, aka yi dariya aka wuce. Ni dai na sa lambar GPS ta kowace rijiya da zurfinta da ranar awo a ƙarshen kundina, ko Allah zai kawo mai ɗorawa.

Satin da ya wuce na koma wajen Hajiya da takarda a hannu, don na ƙudura ba zan zama cikin masu ɗiba su ɓace ba. Sai da na fara biyawa wajen mai unguwa nayi masa bayani, sannan muka bi gida-gida kowa aka gaya masa nasa shi kaɗai, don kar a ce rijiyar gidan wane ce mai guba a hana 'ya'yansa aure. Na zauna nace Hajiya ruwanki yayi wanki da wanka da wanke-wanke, amma sha kam a'a, musamman jaririyar nan ta surukarki. Naitiret yafi yi wa jarirai 'yan ƙasa da wata 6 illa, yana hana jini ɗaukar iska har leɓe ya koma shuɗi-shuɗi, don haka nono zalla, kar a haɗa mata komai da ruwan nan. Tace to in an tafasa fa? Nace tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, sinadarin kulorin ma haka, amma naitiret baya mutuwa, in kika daɗe kina tafasawa ma ruwa ne ke tafiya shi ya ƙara kauri. Alif ma baya cire shi, tata da ƙyalle ma haka. Tayi shiru can tace, "Shekara talatin da wani abu ina sha." Nace Allah ya ƙara lafiya Hajiya, ai tsarewar Allah ce. Bata ce komai ba ta kira jikanta tace ya tsayar mata da mai ruwa in ya zo wucewa.

Ina fitowa sai ga mai ruwan da kurarsa jarka goma sha biyu, muka gaisa nace Malam a ina kuke ɗibowa? Ya nuna min da haɓa. Na bishi a baya har wajen, burtsatse ce ta wani mai sayar da ruwa, tanki biyu a sama 'yan ga-ruwa sun yi layi, kuma tafi gidan Hajiya kusa da jujin, ta ɓangaren gangaren ma. Zurfi na iya ceton ta in an toshe gefen bututun da siminti yadda ya kamata lokacin haƙa, in kuwa ba a toshe ba ruwan sama-saman nan bin jikin bututu zai yi ya gangara. Na tambayi yaron da ke karɓar kuɗi ko ya san yadda aka haƙa ta yace shi bara ya fara aiki. Bata cikin jerin rijiyoyina kuma kuɗin lab ɗina ya ƙare, amma na sayi jarka ɗaya na tsoma mita, na kuma cika gora biyu, suna nan cikin firij ɗin gidanmu kusa da kunun ayar Umma na rubuta musu KAR A SHA da jan biro, gobe zan je in roƙi mai kula da lab ko zai saka min su cikin na wani.